Awakin Tungar Guru: Abin da sabon tsarin kiwo ya tsallake a yammacin Zamfara

Tun da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a watan Yulin 2024, kusan duk wata magana kan kiwo a Abuja ta tattara ne a kan saniya. Ana batun burtali da makiyaya, ana batun inganta irin shanu, ana kuma yawan ambaton kimanin dala biliyan 1.5 da ake cewa Najeriya na kashewa duk shekara wajen shigo da madara. Akuya ba ta cika samun gurbi a waɗannan tarurruka ba, alhali ƙiyasin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna awakin ƙasar nan sun haura miliyan 80, kusan ninki huɗu na shanunta.

Wanda ke son ganin illar wannan mantuwa sai ya dubi yammacin Zamfara, yankin Anka da Bukkuyum da Gummi, musamman ƙauyen Tungar Guru da ke Ƙaramar Hukumar Bukkuyum. A can ne matsaloli uku suka haɗu a kan turke ɗaya: rashin tsaro da ya kwashe shanu, gubar dalma da ta taɓa gurɓata ƙasar da dabbobi ke kiwo a kai, da kuma annobar da allura ɗaya ke iya tarewa amma allurar ba ta isa ga mai buƙata. Batun ya shafi ɗan kasuwar Gusau da ma'aikacin Kano kai-tsaye, domin daga irin waɗannan ƙauyuka ne naman suna da na tsire da fatar da majema ke jema suke fitowa.

Abin da ya rage bayan shanu

Fiye da shekara goma ke nan satar shanu na cin karkarar Zamfara. Manomin da ke da shanun huɗa biyu, ko dai an kore su, ko ya sayar da su da kansa tun kafin a zo, ko kuma sun tafi wajen biyan kuɗin fansa da harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka kafin a yi noma ko girbi. A makon farko na Janairun 2022 an kai jerin hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce adadin ya kai kusan 200. Dubban mutane sun bar gidajensu zuwa cikin garuruwa.

A irin wannan hali akuya ce dabbar da ta fi dacewa da gidan talaka. 'Yan bindiga na kwashe awaki da tumaki ma, amma akuya tana iya zama a cikin gida ba sai an kai ta daji mai nisa ba, kuma idan gudu ya kama ana iya ɗora ta a kan babur. Tana ɗaukar ciki wata biyar, tana yawan haifar tagwaye, kuma idan ta samu abinci tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. Gidan da ya rasa komai zai iya fara sabon garke da akuya biyu, abin da ba zai yiwu da saniya ba sai bayan shekaru.

Akwai kuma batun mallaka. A ƙasar Hausa awakin gida galibi na mata ne. Daga cikinsu ake fitar da kuɗin magani, kayan ɗakin 'ya, abin yanka na suna, da takin zamani idan damina ta kawo kai kuma hannun maigida ya bushe. Duk manufar da ta shafi akuya, manufa ce da ta shafi abin da uwa za ta iya yi wa 'ya'yanta ba tare da ta jira kowa ba.

Lissafin turke

A ƙaddara gida na da awaki mata biyar da bunsuru ɗaya. Idan kowace ta haihu sau uku cikin shekara biyu, haihuwa 15 ke nan. Idan rabin haihuwar tagwaye ne, 'ya'yan za su kai 22. Wannan lissafin takarda ne. Abin da ke rage shi a zahiri shi ne mutuwar ƙanana kafin yaye, kuma sanadinta sanannu ne: rashin shan dakashi a sa'o'in farko, sanyi da damshin turke, tsutsar ciki, da yunwar uwa.

Yunwar tana zuwa ne sau biyu a shekara. Ta farko a ƙarshen rani, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da harawa da karan dawa suka ƙare. Ta biyu da damina, lokacin da ake ɗaure awaki don kada su shiga gonaki, abincinsu ya koma kan abin da yara suka iya yankowa. A yankin da zuwa daji yankan ciyawa ke iya zama sanadin sace yaro, ɗaurin damina ya zama lokacin ramar dabbobi. Gidan da ya adana harawar wake da ta gyaɗa a kan rumfa, ya tara ƙowa da dusa da 'ya'yan gawo, shi ne awakinsa ke fita rani da ƙiba. Sai dai manomin da aka hana shi girbe gonarsa a kan kari ya yi asara biyu: hatsin mutane da harawar dabbobi.

Batun madara kuwa yana buƙatar a faɗi gaskiya. Jar akuyar Sakkwato, wadda ita ce irin da ya fi yawa a wannan yanki, tana ba da kimanin rabin lita a rana na tsawon wata uku ko makamancin haka, kuma 'ya'yanta na da haƙƙi a ciki. Awakin Turai irin su Saanen na ba da lita biyu zuwa uku, amma suna buƙatar abinci da inuwa da kulawar likita da ƙauye kamar Tungar Guru ba shi da su. Don haka duk wanda ya yi wa matan karkarar Zamfara alƙawarin kamfanin madarar akuya a yanzu, ya yi musu romon baka. Kamfanonin da ke tara madara a Arewa, irin su L&Z a Kano da gonar Arla da ke Damau a Jihar Kaduna, duk da madarar shanu suke aiki, kuma suna buƙatar hanya da wuta da na'urar sanyaya.

Amfanin madarar akuya a wannan yanki yana cikin gida ne. Kofi ɗaya na madarar da aka tafasa aka zuba a kokon yaro kowace safiya yana da tasiri a jihar da cibiyoyin kula da yara masu tamowa ke cika duk damina. A Jamhuriyar Nijar an daɗe da gane haka: ana tatsar awaki, ana ba yara, ana kuma yin cuku da madarar. A wannan ɓangare na iyaka mutane da yawa na ƙyamar ta saboda sabo da nonon shanu da matan Fulani ke kawowa. To, rikici ya watsa rugage da dama, ƙwaryar nono ta yi wuya a kasuwannin ƙauye, kuma madarar gari ta fi ƙarfin aljihun talaka. Akuyar da ke ɗaure a tsakar gida ita ce mafi kusa.

Darasin 2010

A nan ne tarihin Tungar Guru ya shigo. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta gano yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna amai da jijjiga. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun zinaren da ake haƙowa a yankin na ɗauke da dalma mai yawa, kuma ana kawo su cikin gidaje ana daka su a turmi, ana niƙa su da injin niƙan hatsi, ana shanya garin a tsakar gida. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A wasu wurare dalmar da aka auna a ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, a lokacin da ma'aunin Amurka na wurin wasan yara yake 400.

An fara kankare ƙasa a Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010. Daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 2011 aka yi aikin a Tungar Guru da Abare da Tungar Daji da Sunke da Duza, inda aka kwashe saman ƙasar gidaje aka binne ta a ramuka na musamman, aka zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, sai 2013 aka kai gare ta bayan dogon jiran kuɗi daga Gwamnatin Tarayya.

Akwai wani sashe na labarin da ba a cika tunawa da shi ba. Masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun bayyana cewa watanni kafin jami'an lafiya su samu labarin rashin lafiyar yaran, agwagin ƙauyukan sun fara ɓacewa. Dabbobi ne suka fara nuna alama, ba a samu mai karanta ta ba. Da akwai malamin dabbobi da ke zagaya waɗannan ƙauyuka yana kai rahoto, da wataƙila an farga da wuri.

Akuya na cikin wannan haɗari fiye da yadda ake zato. Tana cin ciyawar da ƙura ta lulluɓe, tana lasar ƙasa da bango idan jikinta na neman gishiri, tana shan ruwan kududdufin da aka wanke garin dutse a ciki. Dalmar da ta shiga jikinta tana taruwa a hanta da ƙoda da ƙashi, wani kaso kuma na fita ta madara. Tafasa madara na kashe ƙwayoyin cututtuka irin su cutar ɓarin ciki da ke kama mutum daga dabba, amma ba ta cire dalma. Ma'aunin abinci na duniya bai yarda dalma ta wuce miligiram 0.02 a kilo ɗaya na madara ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro na tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa. Ke nan shawarar a riƙa ba yara madarar akuya, wadda take alheri a Gummi ko Talata Mafara, tana iya zama cutarwa a gidan da ake niƙa dutsen zinare, matuƙar ba a auna ƙasar gidan ba.

Zinare ya dawo

Wani zai ce ai wannan tsohon labari ne. Abubuwa uku sun nuna ba haka ba ne. Na farko, MSF ta miƙa aikin kula da gubar dalma ga hukumomin Zamfara a farkon 2022, don haka nauyin sa ido ya koma kan jiha. Na biyu, a watan Disambar 2024 Ministan Ma'adinai, Dele Alake, ya sanar da ɗage haramcin haƙar ma'adinai da aka ƙaƙaba wa jihar tun Afrilun 2019. Na uku, farashin zinare a kasuwar duniya ya haura dala 3,000 kan kowane oza a watan Maris na 2025. Tashin farashi ne ya jawo manoma cikin ramuka kafin masifar 2010, kuma farashin yau ya ninka na wancan lokaci. A watan Afrilun 2025 an sake samun rahoton gubar dalma a yankin Bunguɗu. An ga irin ta a Shikira ta Jihar Neja a 2015, inda yara 28 suka rasu.

Rashin tsaro na ƙara dagula lamarin ta wata hanya. Babban abin da aka koya wa mutane bayan 2010 shi ne a fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Amma mutumin da ke tsoron a ƙwace masa kaya a bayan gari, cikin gida zai koma da su. Haka ma awakin: tsoron ɓarayi ya mayar da su tsakar gida dare da rana. Dutse da dabba da yaro sun sake haɗuwa a fili ɗaya.

Allurar da ke ɗauke da sunan Najeriya

Annobar da ta fi kashe awaki ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira PPR. Tana zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo, kuma tana iya share mafi yawan garken da bai taɓa samun riga-kafi ba. An fara bayyana ta a Kwaddibuwa a 1942. A 2015, a birnin Abidjan, ƙasashen duniya suka amince da shirin kawar da ita baki ɗaya nan da 2030, kamar yadda aka kawar da 'yar uwarta ta shanu, bushiya, a 2011. Allurar da ƙasashe da dama ke amfani da ita an samo ta ne daga ƙwayar cutar da aka ware a ƙasar nan a 1975, shi ya sa ake kiran ta Nigeria 75/1. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom na sarrafa ta, kuma allura ɗaya na kare akuya aƙalla shekara uku.

Matsalar tana wajen isar da ita. Allurar na buƙatar sanyi, kwalba ɗaya ta awaki masu yawa ce, kuma da an haɗa ta dole a yi amfani da ita cikin 'yan sa'o'i. Macen da ke da akuya huɗu ba za ta iya sayen kwalba ita kaɗai ba. Sai an tara awakin unguwa a rana ɗaya, a gaban mai unguwa ko hakimi, tare da malamin dabbobi da ya yarda ya bi hanyar. Inda jami'in gwamnati ba zai iya shiga ba, hanyar da ta rage ita ce a horar da 'yan garin, maza da mata, a ba su akwatin sanyi, su riƙa karɓar allura daga Anka ko Nasarawar Burkullu ko Gummi a ranakun kasuwa.

Kasuwa da fata

Akuya ba ta zama dukiya sai da kasuwa. A watan Satumbar 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya a jihar. An yi haka ne don toshe wa ɓarayi hanyar sayar da dabbobin sata, kuma manufar na da hujja. Amma matakin bai bambance ɓarawo da matar da ke son sayar da taurenta ta kai yaro asibiti ba. Darasin shi ne a tsaurara shaidar mallaka a kara, ta hannun sarakunan pawa da shugabannin dillalai da suka san masu kawo dabbobi, maimakon a kulle kasuwa gaba ɗaya.

Fatar jar akuya kuwa tsohuwar haja ce. Ita ce fataken Sahara ke kaiwa Arewacin Afirka, daga can ta isa Turai inda aka san ta da sunan fatar Maroko. Har yau masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano na neman ta. Ƙazuwa da kaska da kaifin wuƙar mai fiɗa na rage mata daraja, kuma mai akuyar ba ta samun ko sisin ƙari idan fatar ta yi kyau, don haka ba abin da zai sa ta damu. Nijar ta kafa cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi tun 1963, tana zaɓar bunsuraye masu kyau tana rarraba wa ƙauyuka. Najeriya na da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi a Shika kusa da Zariya, wadda ta daɗe tana nazarin wannan iri, amma tsakanin Shika da Bukkuyum babu gadar da za ta kai sakamakon ga turke.

Rabon awaki bai isa ba

Gwamnoni sun fara gane darajar akuya. Jigawa ta raba wa zawarawa awaki a zamanin Muhammad Badaru Abubakar. A farkon 2025 Kano ta raba awaki 7,158 ga mata 2,386, Katsina ma ta ƙaddamar da nata shirin. Tunanin mai kyau ne, amma yana da tarko. Awakin da aka sayo daga kasuwanni daban-daban aka tara su wuri ɗaya, aka loda a mota, su ne suka fi saurin kamuwa da PPR da ciwon huhu. Idan ba a yi musu allura an killace su na wasu makonni ba, rabon na iya kai annoba ga awakin da ke garin tun asali. Idan kuma aka raba su a watan Afrilu ga matar da ba ta da harawa, kasuwa za su koma kafin damina.

In gwamnatin Dauda Lawal za ta bi wannan sahu, yammacin jihar na buƙatar tsari dabam, kuma jerin aikin a bayyane yake. A fara da sake auna ƙasa da ruwan kududdufai a ƙauyuka takwas da aka kankare, Tungar Guru na ciki, da duk inda ake niƙa dutse a yau. Na'urar auna dalma ta hannu ce aka yi aiki da ita tun 2010. A haɗa da gwajin madara da hantar dabbobin da ake yankawa a mahautan Anka da Bukkuyum, a kuma bayyana sakamakon ga jama'a. A sa riga-kafin PPR na kowace shekara cikin kasafin kuɗi, a yi shi kafin sanyin hunturu. A ɗaure lasisin haƙar zinare da sharaɗin niƙa dutse da ruwa a wuri mai shinge da tsaro, nesa da gidaje da mashayar dabbobi. Bayan waɗannan ne rabon awaki da koyar da tatsa za su yi ma'ana.

Mazauna birni ma na da rawar takawa. Ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa na da awaki a hannun 'yan uwa a ƙauye, ana kiwo ana raba 'ya'ya. Mai irin wannan jari ya kamata ya tambayi abu uku: an yi wa awakin allura, an tanadi harawar rani, kuma ana niƙa dutse a gidan ko a maƙwabta? Kuɗin allura da buhun dusa bai kai farashin ɗan akuya ɗaya ba. Ƙungiyoyin mahauta da na dillalan dabbobi kuwa su ne ya fi cancanta su matsa a yi gwajin dalma, domin ranar da jita-jita ta riga gwaji fita, duk akuyar da ta fito daga Zamfara za ta faɗi a kasuwa, mai guba da marar guba.

Ma'aikatar da Idi Mukhtar Maiha ke jagoranta sabuwa ce, kuma har yanzu tana tsara abin da za ta sa a gaba. Shekarar 2030 da aka ɗiba don kawar da PPR ta ƙarato, kuma ƙasar da allurar ke ɗauke da sunanta ba za ta cimma wa'adin ba muddin awakin Anka da Bukkuyum da Gummi ba su shiga lissafi ba. Mutanen Tungar Guru sun riga sun biya farashin sakaci sau ɗaya da rayukan 'ya'yansu. Abin da suke buƙata daga Gusau da Abuja shi ne mai auna ƙasa, mai allura, da hanyar da za a bi a kai akuya kasuwa a dawo lafiya.